Kafin a sauke mini inji

Wata safiya a tsakiyar Disamba, hazo ya lulluɓe Kaduna, na tsaya a danja kan Titin Ahmadu Bello, sai na lura madubin gefe yana rawa. Sitiyari na kaɗawa a tafin hannuna, kujera na jijjiga, allurar da ke nuna juyin inji tana faɗuwa kamar motar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. Da aka ba mu hannu na taka totur, komai ya lafa. Na ce a raina sanyi ne, ni ma ai rawar ɗari nake yi.

Motar ƙarama ce, 'yar Japan, ƙirar 2005, mai silinda huɗu. Ta yi rayuwarta ta farko a Amurka kafin ta ƙetaro teku, ta kuma ratsa hannun mutum biyu a nan gida kafin ta iso gare ni. Irin motar da galibinmu ma'aikata ke hawa ke nan: ba mu san tarihinta ba, ba mu da takardar gyare-gyarenta, lambar tafiyar da ke kan agogonta ma ba mu cika yarda da ita ba. A wancan lokacin mai ɗakina tana da juna biyu, watanta ya kusa, kuma ɗan abin da na tara na ware shi ne domin asibiti da ragon suna. Ban da wani buri a kan motar face ta tashi idan aka tashe ni cikin dare.

Bayan mako guda abin ya wuce rawa. Ina hawa gadar Kawo, na ƙara wuta, sai motar ta fara fizga kamar ana riƙe ta ta baya, fitilar gargaɗin inji kuma, wadda ta saba kunnuwa ta zauna, ta koma ƙyaftawa. Man da ke kai ni mako ya koma kwana biyar. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai albashin da zai ga haka hankalinsa ya kwanta.

Gyara ta hanyar canki

Zargina na farko ya faɗa kan mai. Ba laifina ba ne: duk wanda ya tuƙa mota a ƙasar nan cikin Fabrairun 2022 yana tune da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi, wanda ya lalata motoci ya kuma haifar da dogayen layuka. Ga shi kwana biyu kafin rawar ta fara na sayi galan a hannun 'yan bumburutu. Na bari tankin ya kusa ƙarewa, na cika a gidan man da na yarda da shi, na zuba kwalbar maganin wanke nozul. Babu abin da ya sauya.

Sai na shiga gareji na farko, kusa da wurin aikina. Bakaniken ya saurara na ɗan lokaci ya ce filogi ne. Aka sa sababbi huɗu. Motar ta yi kwana uku lafiya, har na yi wa abokan aiki albishir, a rana ta huɗu ta koma gidan jiya. Gareji na biyu ya ce famfon mai ne ya yi rauni. Aka sauya, kuɗi suka tafi, rawa ta zauna. A gareji na uku, wani ya buɗe bonet, ya zaro kwayil ɗaya, ya nuna mini baƙin mai a jikinsa, ya girgiza kai.

“Oga, ringi ya tafi. Mai har ya hau kan filogi. Ko dai a sauke injin a yi masa aiki, ko ka sayi wani. In kuma ba ka shirya ba, mu ƙara mata silo, mu kashe maka fitilar, ka ci gaba da lallaɓawa.”

Kuɗin da ya ambata sun haɗiye na asibiti da na rago, har da ɗoriya. Na zauna cikin motar na daɗe ban tayar ba. Abin da ya fi damuna shi ne na gane cewa aikin da nake ci da shi, wato tantance labari kafin a buga, ban yi shi ba ko sau ɗaya a wannan lamari. Mutum uku sun ba ni labari uku mabambanta, babu wanda ya kawo shaida, ni kuma na biya biyu daga cikinsu, ina shirin biyan na uku.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Kafin na ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi idan kanikawa suka ce mota tana misin, ko ba ta da silo.

Injin fetur na yau yana aiki ne da tsarin taki huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Filogi ya ba da tartsatsi, cakuɗin ya kama da wuta ya tura fistin ƙasa. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda tana kamawa sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. Idan mota mai silinda huɗu tana tsaye injinta na juyi 700 a minti, ana samun kamawa 1,400 a minti guda, wato kusan 23 a kowace daƙiƙa. Idan silinda ɗaya ta daina kamawa, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan bugun ya ɓace, sauran ukun na jan matacciya. Abin da direba ke ji a sitiyari ke nan. Ya fi bayyana a tsaye domin a lokacin juyin ya yi ƙasa, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi faɗi, babu ƙarfin gudu da zai rufe giɓin.

Domin silinda ta kama, tana bukatar abu uku: tartsatsi mai ƙarfi a daidai lokacinsa, cakuɗin iska da mai daidai gwargwado, wanda a injin fetur kusan kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na mai, bisa nauyi; da kuma matsi, wato silindar ta iya riƙe abin da aka matse ba tare da ya zurare ta ringi ko bawul ko gaskit ba. Duk wata rawa da misin, komai rikitarwarta, tana komawa ga ɗaya daga cikin ukun nan. Matsalar ita ce alamominsu suna kama da juna, amma kuɗin gyaransu ya bambanta kamar sama da ƙasa. Wanda ya ce maka ringi ne bai gwada matsi ba, zato ya yi, da aljihunka.

Ƙyaftawar fitila kuwa tana da ma'anarta. Idan ta kunnu ta zauna, kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira biren-bos, tana cewa ta ga wani abu ba daidai ba. Idan tana ƙyaftawa, tana cewa misin ɗin ya yi tsananin da ɗanyen mai ke gangarawa cikin salansa, yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙin nan da ake wa laƙabi da indomi saboda kamannin cikinta. Zafin na iya narkar da ita, kuma tana da tsada domin akwai ƙarafa masu daraja a jikinta, irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Kashe fitilar da aka ba ni shawara daidai yake da toshe bakin mara lafiya don a huta da nishinsa.

Garejin Baba

Mahaifiyata ce ta tuna mini da Baba. Shi ne ya riƙa gyara wa mahaifina Peugeot 504 ɗinsa tun ban shiga firamare ba, a zamanin da kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika titunanmu da motocinsa. Na guje shi ne da gangan, domin a ganina mutumin kafireto ba zai gane motar kwamfuta ba. Na same shi a ƙarƙashin darbejiyar da na sani, ya ƙara furfura, ga yara uku na aiki a gabansa. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, na zayyana masa komai, har da hukuncin da aka yanke wa injin.

“Wanda ya ce ringi ne, ya sa agogo ya gwada?”

“A'a, Baba. Mai ya gani a jikin kwayil.”

“A sama ya gan shi ko a bakin filogi?”

Ban san amsar ba, ban ma san akwai bambanci ba. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗan jarida, tayar mu ji.”

Ya ɗora tafin hannunsa kan injin, ya sa yaro ya riƙa zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Da aka zare na farko, injin ya ƙara durƙushewa kamar zai mutu. Na uku da na huɗu ma haka. Da aka zare na biyu, sautin kusan bai canja ba. Hikimar a fili take: idan ka cire mai aiki, za a ji rashinsa, idan ka cire wanda dama ba ya taɓuka komai, babu mai lura. Cikin minti biyu, ba tare da an sayi komai ba, mun san silinda ta biyu ce.

Sannan ya kira babban yaronsa, wani matashi da ya yi difloma, ya ce ya kawo na'urarsa. Wata 'yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ya soka ta a wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa da wayarsa. Wannan tsari sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi ga motocin da ake sayarwa a can tun ƙirar 1996, Turai ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Ke nan kusan duk motar Amurka ko ta Beljiyam da ke kan titunanmu a yau tana ɗauke da shi. Lambobi biyu suka fito: P0302, wato silinda ta biyu ba ta kamawa; da P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a cakuɗin. Kunnen Baba da wayar yaronsa sun ba da shaida iri ɗaya.

Amma lambar ba ta ce kwayil ne ko filogi ko nozul ko ringi ba. Wuri ta nuna, ba ta faɗi mai laifi ba. A nan ne masu na'ura da yawa ke yin irin kuskuren marasa na'ura: su karanta lamba, su aika a sayo kaya. Baba ya sa aka musanya kwayil na biyu da na uku, aka goge lambobin, muka zaga unguwa muka dawo. Sabuwar lambar ta zama P0303. Ciwon ya bi kwayil zuwa sabon gidansa. Da filogi ne ko nozul ko matsi, da ya zauna a silinda ta biyu, tunda su ba a motsa su ba.

A nan na fahimci dalilin lafiyar kwana ukun nan. Tsohon filogi bakinsa yana cinyewa, tazarar da tartsatsi zai tsallaka ta ƙaru, kwayil ya riƙa wahala wajen tara wutar da za ta isa. Sabon filogi ya rage masa nauyi, sai raunannen kwayil ya ɗan taɓuka kafin ya ƙarasa. Haka kuma fizgar kan gada: idan aka ƙara wuta, matsin cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsi na bukatar ƙarin ƙarfi, raunin da ke ɓoye sai ya fito. Bakanike na farko bai yi ƙarya ba. Rabin gaskiya ya gani ya tsaya.

“To, mu sayo kwayil ke nan,” na ce.

“Za mu saya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya kashe shi?”

Ya haska tocila cikin ramin filogi na biyu. Baƙin mai ya taru a ciki, a saman filogin, inda robar kwayil ke zama. Ya kwance filogin ya nuna mini bakinsa: a bushe, launin ƙasa-ƙasa, babu maiƙo. Man da ringi ya bari ya wuce daga ƙasa yake hawowa, ya ɓata bakin filogi, motar ta riƙa shuɗin hayaƙi. Wannan kuwa daga sama ya zubo, ta robar murfin bawul da shekaru da zafi suka busar. Man ya jiƙa robar kwayil ta kumbura ta lalace, wuta ta sami hanyar zurarewa gefe. Da an sa sabon kwayil ba a sauya wannan robar ba, da bayan 'yan watanni na dawo ina zargin an sayar mini da jabu.

Duk da haka Baba bai bar maganar ringi a kan zato ba, ko da zaton nasa ne. Ya sa aka cire filogi huɗun, ya ɗaura agogon gwada matsi a kowace silinda, yaro na murza makulli. Allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya sau huɗu. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada bambancin da ke tsakanin silinda da silinda ya wuce kimanin kashi goma cikin ɗari. Injin da aka yanke wa hukunci lafiyarsa ƙalau.

Ciwo na biyu

Da labarin ya ƙare a nan, da ya fi daɗin faɗa. Aka sa kwayil da robar murfi, fizga ta tafi, fitila ta mutu. Washegari da asuba na tayar da motar, sai ga rawa, ba kamar ta da ba, amma tana nan. Bayan 'yan kwanaki fitilar ta dawo. Na koma wurin Baba da fuskar da ba ta dace da yaro a gaban dattijo ba.

Bai ji haushi ba. Ya ce dama yana jiran ya gani. Lambar P0171 tana iya zama 'yar rakiyar misin, domin silindar da ba ta kama ba tana tura iskar da ba ta ƙone ba cikin salansa, na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara zubawa. Wannan na daga cikin abin da ya riƙa shanye mini fetur. Da ta tafi tare da kwayil, shi ke nan. Tunda ta dawo ita kaɗai, ciwo ne mai zaman kansa.

Yaron ya buɗe wani shafi a wayarsa da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan ƙa'ida. A lafiyayyen inji, lambar ba ta cika wuce kashi goma sama ko ƙasa ba. Tawa a tsaye ta haura ashirin. Ya ce in taka totur zuwa juyi 2,500 in riƙe. Lambar ta sauko ƙasa da goma.

“Yallaɓai, ka gani? Da famfo ne ko toshewar nozul, in ka ƙara wuta abin ƙara lalacewa zai yi, tunda a lokacin ne inji ya fi bukatar mai. Wannan iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya.”

Bayaninsa haka yake. Duk iskar da ke shiga inji tana bi ta kan wata na'ura da ke auna ta, kwamfuta kuma ta ba da mai gwargwadon awon. Idan akwai tsaga bayan wannan na'ura, iska na shiga ba lissafi. A tsaye, ƙofar totur kusan a rufe take, inji na zuƙa da ƙarfi, iskar halak kaɗan ce, don haka ta sata tana da babban kaso. A kan babbar hanya kuwa ƙofar a buɗe take, 'yar tsagar ba ta da tasiri. Da sanyin safiya roba na ƙanƙancewa, tsagar ta ƙara buɗewa. Shi ya sa hunturu ne ya tona asirin. Da zan iya karanta wannan shafi tun farko, da ban sayi famfo ba.

Nemo tsagar kuma aikin Baba ne. Wasu kan fesa fetur a jikin inji su ji inda sauti zai canja; ya hana yaransa wannan, domin ya taɓa ganin mota ta kama da wuta a haka. Ya ɗauki guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a tsakanin bututai. Can ƙarƙashi ya tsaya, ya miƙo mini. Na ji wani siririn huci. Wani tiyon roba ne da bai fi tsawon yatsa biyu ba, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka sauya shi, aka sa sabuwar matatar iska tunda ƙurar hunturu ta cika tsohuwar, lambar ta dawo kusa da sifili, allura ta tsaya cak.

Duk abin da na kashe a garejin Baba, har da ladan aiki da ya ƙi faɗa sai da na matsa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin da aka ce in saya ba.

Abin da na riƙe

Ba na ganin kanikawan nan uku a matsayin macuta. Yawancinsu sun koyi aiki ne da ido da kunne, a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kan injunan wani zamani, kuma mu masu motoci ba mu saba biyan kuɗin bincike ba. Idan bakanike ya shafe awa biyu yana gwaji ya ce tiyo ne, za mu ba shi na goro. Idan ya sauya famfo cikin rabin awa, za mu biya ba musu. Mu da kanmu muka koya musu cewa canki ya fi tantancewa riba.

Yanzu kafin a kwance mini ko da noti ɗaya, ina yin tambayoyin da nake yi wa kowace majiya. Wace silinda ce, kuma ta yaya aka sani? An musanya kwayil an ga ciwon ya bi shi? Man da aka gani, a sama yake ko a bakin filogi? Idan aka ambaci ringi ko sauke inji, ina sakamakon gwajin matsi? Sannan a fara da gwajin da ba ya cin kuɗi, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin a san wanda ya yi magani. Idan kuma fitila na ƙyaftawa, a rage gudu a nufi gareji, kada a ce sai ƙarshen wata. Na kuma sayi irin 'yar na'urar nan na ajiye a cikin mota, domin in riƙa shiga gareji da abin da zan fara magana a kai.

A cikin Janairu, wajen ƙarfe biyu na dare, aka tashe ni. Na fita cikin sanyi na murza makulli, na bar motar a kunne a ƙofar gida yayin da mahaifiyata ke fito da mai ɗakina a hankali. Sai da muka isa asibiti na tuna cewa ban ko kalli allurar ba. Ranar suna Baba ya zo da yaransa uku, aka ba su nasu kason na rago.